Sun Ce Sistem Ne Ya Kore Ni: Tambayoyinku Kan Aiki, Waya da Doka

Wasiƙun wannan fitowar duk daga nan Legas suka zo, kuma duk na masu cin abinci da guminsu ne. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mutumin Jigawa ne, ina zaune a Agege. Da okada nake yi tsakanin Ikeja da Ogba, da gwamnati ta hana sai na shiga aikin kai saƙo da abinci a wata manhaja. Babur ɗin ma ta hannunsu na karɓa, suna cire kuɗinsa kowane mako. Wata safiya bayan sallar asuba na buɗe waya na tarar an rufe asusuna, ga kuɗin aikina na mako biyu a ciki. Na je ofishinsu, yarinyar da ke kan tebur ta ce ba ruwansu, sistem ne ya rufe. Yanzu kuma suna cewa in ban biya kuɗin mako ba, za su kashe babur ɗin daga ofis su zo su ɗauka, alhali na biya fiye da rabi. Shin talaka yana da hakki a nan, ko in bar wa Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka bar wa Allah, ka kuma nemi hakkinka, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Irin labarinka ya fara yawa ne tun 1 ga Fabrairun 2020, ranar da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada da keke a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Apapa, Surulere da Eti-Osa. A Yunin 2022 aka sake ɗaure haramcin okada, a Satumban shekarar aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Duk wanda ya san Agege da Idi-Araba ya san wa abin ya fi taɓawa. Wasu sun loda babura a tirela sun koma gida, wasu sun koma dako a Mile 12, masu iya bin taswira a waya irinka kuma suka ɗaura akwati a bayan babur.

Kuɗinka na mako biyu babu gardama a kansu. Ko ma'aikacinsu ne kai ko ɗan kwangila, ka yi aikin, kaya sun isa hannun masu su, don haka kuɗin bashi ne a wuyan kamfanin, kuma rufe asusu ba ya goge bashi. In suna zargin ka ci wani abu, su faɗi mene ne, su faɗi nawa ne, su ba ka ragowar.

Yarinyar nan ta kan tebur kada ka riƙe ta a rai, abin da aka ce ta faɗa take faɗa. Amma amsar ba mai karɓuwa ba ce. Mutum ne ya zauna ya tsara cewa duk wanda ya makara sau kaza, ko taurarin da kwastomomi ke ba shi suka yi ƙasa, ko hoton fuskarsa bai zo daidai da na rajista ba, a rufe shi. Kamfanin da ya sa aka tsara haka yana da suna da adireshi da daraktoci a rajistar hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, kuma shi doka za ta tambaya. Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta taɓo wannan kai tsaye. Sashe na 37 ya ba ka hakkin kada a yanke maka hukunci mai girman tasiri ta hanyar na'ura kaɗai. Akwai togaciya, misali in yarjejeniyarku tana buƙatar hakan ko kai ka amince, amma ko a nan dokar ta ce dole a bar maka ƙofa: ɗan'adam ya duba lamarin, a ji ta bakinka, ka samu damar ƙalubalantar hukuncin. Magidancin da aka toshe wa hanyar tuwo cikin dare, wane tasiri ya fi wannan girma? Dokar ta kuma ba ka damar neman kwafin bayanan da suke riƙe da su a kanka.

Saboda haka ka daina zuwa ofis kana magana da fatar baki. Ka samu wanda zai rubuta maka wasiƙa da Turanci, gajera, mai neman dalilin rufewar, da mutum ya sake dubawa, da kuɗinka. Ka yi kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a kan naka, ka kuma tura ta imel. In sun yi shiru, ka kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC. Kafin nan ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: ka taɓa ara wa wani asusunka? Na san yadda ake yi. Rana ta yi zafi, jiki ya mutu, ka miƙa wa ɗan ɗakinku waya da hular kwano ya yi maka zagaye biyu. A wurinmu zumunci ne, a takardar da ka danna wa "na yarda" kuwa saɓa yarjejeniya ne, kuma yana cikin abubuwan da ke jawo rufewa. Ko da haka ne, kuɗin aikin da ka yi naka ne.

Batun babur, ka nemo takardar da ka sa wa hannu. In yarjejeniyar ta saye ce ana biya kaɗan-kaɗan har babur ya zama naka, akwai dokar 1965 da ta ce da zarar mai abin hawa ya biya kashi uku cikin biyar na kuɗin, mai kayan ba ya ƙwacewa da ƙarfin tsiya, sai ya bi ta kotu. Ka ce ka wuce rabi. To ka zauna da biro ka lissafa: kashi 60 cikin 100 ake nema, kuma risitai da alat na banki ne za su nuna. Ka lura dokar ta bar musu wata kafa in bashin biya uku ko fiye ya taru a kanka, don haka in da hali kada ka bari ya taru. Wasu kamfanonin kuma suna rubuta yarjejeniyar a matsayin haya zalla don su zille wa wannan dokar, shi ya sa sai lauya ya ga takardar da idonsa.

Akwai babbar tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan: kai ma'aikacinsu ne ko kuwa? Su za su ce kai mai zaman kanka ne, su dai sun haɗa ka da kwastoma. Amsar tana da nauyi, domin ma'aikaci ne ke da hakkin notis kafin sallama, da hutu, da diyya in tirela ta buge shi a titin Ikorodu yana bakin aiki. Dokar Ƙwadago da muke amfani da ita tun shekarun 1970 aka rubuta ta, lokacin da mai gidan aiki mutum ne mai ofis da fomanin da ke kiran suna da safe. Kotu ba ta tsayawa a kan sunan da aka raɗa wa dangantakar. A 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shena Security da Afropak, ta jero abubuwan dubawa: wa ke kawo kayan aiki, wa ke tsayar da lokaci, albashi ake biya ko ladan aiki, kana iya tura wani ya yi a madadinka? A Disambar 2018 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a nan Legas, ta bakin Mai Shari'a Benedict Kanyip, ta yanke hukunci a ƙarar da wasu direbobi biyu suka kai Uber da Taxify, wanda yanzu ake kira Bolt. Mutane suna yawo da cewa kotun ta ce direban manhaja ba ma'aikaci ba ne. Ba haka ta ce ba. Ta kori ƙarar ne saboda direbobin ba su kawo isassun hujjoji kan yadda aikin ke gudana ba. A Fabrairun 2021 kuwa Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba direbobin Uber gaskiya, bisa dalilin cewa kamfanin ke yanke farashi, shi ke rubuta sharuɗɗa, shi ke hukunta wanda ya yawaita ƙin karɓar aiki. Hukuncin Landan ba ya ɗaure alƙalin Kotun Ma'aikata da ke Ikoyi, amma sashe na 254C na kundin tsarin mulki ya ba Kotun Ma'aikata damar duba kyawawan tsare-tsaren ƙwadago na duniya.

Ra'ayina shi ne, wanda ba ya yanke farashi, ba ya zaɓen kwastoma, ana bin sawunsa da na'ura, ana iya kashe baburinsa daga nesa, kiransa mai zaman kansa zalunci ne. Amma ra'ayin lauya ba hukunci ba ne, sai an je gaban alƙali da hujja. Ku riƙa ɗaukar hoton fuskar wayarku: farashin da aka yanke, gargaɗin da aka turo, kamashon da aka cire. Ranar da aka rufe asusu duk waɗannan sun tafi. A 2023 gwamnatin tarayya ta amince da ƙungiyar masu sufuri ta manhaja, wadda aka sani da AUATON. Ina so in ga yaranmu suna shiga irin waɗannan tarukan ko da da tafinta ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambaya: Barista, ni budurwa ce ina zama wa wata madam a shagon POS kusa da Mile 12, albashina N35,000. Wani mutum ya zo da shiga ta mutunci ya ce ya yi tiransifa ta N80,000, ya nuna min risit a wayarsa, kasuwa ta cika mutane suna jira, na ƙirga na ba shi. Ashe kuɗin ba su shigo ba. Madam ta ce ba ni da albashi sai ta cire kuɗinta duka, ta ƙwace wayata, ta ce in na gudu za ta sa a kama yayana da ya tsaya min. Ba na barci.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. An cuce ki an cuci madam, kuma ɓarawon yana can yana yawo. Risit ɗin da ke fuskar wayar kwastoma hoto ne kawai, akwai masu ƙirƙira shi cikin minti ɗaya, har saƙon alat na bogi suna iya turowa. Abin dogaro ɗaya ne, ki ga kuɗin sun hau kan na'urarki ko manhajar asusun shagon. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da kowa ya koma tiransifa, wannan damfarar ta zama sana'ar wasu.

Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai gidan aiki cin tarar ma'aikaci daga albashi. Ya yarda a cire wani abu daidai gwargwado in ma'aikacin ya jawo asara da gangan ko da sakaci, amma da sharaɗin jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire. Kuma duk abin da za a cire a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. A naki lissafin bai kai N12,000 ba. Ko ke kika yi sakaci ma abin dubawa ne. Madam ta taɓa koya miki yadda ake tantance tiransifa? Ta ba ki damar ganin asusun, ko alat ɗin wayarta yake shiga tana gida? Na ga shaguna da dama inda yarinya ke ba da kuɗi alhali ba ta da hanyar ganin shigowarsu sai ta buga waya. Wanda ya tsara aiki haka shi ya buɗe ƙofar.

Wayarki dukiyarki ce, ba ta da ikon riƙe ta. Maganar kama yayanki kuwa barazana ce marar tushe. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ba zan ɓoye miki ba, ana yi duk da haka, musamman in mai ƙara ya juya maganar ya ce sata ce ko haɗin baki. Don haka ki riga ta: ku je caji ofis tare da yayanki ku shigar da rahoton damfarar, da rana da lokaci da kamannin mutumin, ku tambayi maƙwabtan shago ko akwai mai kyamara. Wadda ta kai rahoto da ƙafarta ta fi wadda aka zo nema ƙarfin magana. In an ba ki takarda ki sa hannu, kada ki sa sai an karanta miki an fassara.

Daga nan sai sulhu. Ma'aikatar Shari'a ta Legas tana da Cibiyar Sasanta Jama'a tun 1999, kyauta take aiki, tana da rassa a unguwanni, tana kuma karɓar rigimar ma'aikaci da mai gida. Su za su aika wa madam takardar gayyata. In dattawan kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa za su iya zaunar da ku, shi ma alheri ne, amma duk abin da aka daidaita a rubuta, kowa ya sa hannu, ki riƙe kwafi. Ni da za a raba asarar, ki biya wani kaso a hankali ba tare da an bar ki ba kuɗin mota ba, da na ce an yi adalci.

Wani zai ce ai albashin nata ma bai kai mafi ƙarancin N70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba. Haka ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma N85,000 da gwamnatin Legas ta sanar na ma'aikatanta ne. Wannan giɓin ya bar masu zaman shago, masu wankin mota da yaran gidan abinci a waje, su kuwa su ne suka fi buƙata.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina rubutowa ne a madadin mahaifina. Shekararsa 11 yana gadin wani sito a Ijora. Bara suka kawo na'urar dangwala yatsa, ita kuma sau da yawa ba ta karɓar yatsansa, sai a rubuta bai zo ba a yanke masa kuɗi, alhali a wurin ya kwana. Watan jiya suka sa kyamarori, manaja ya turo masa saƙon murya a WhatsApp cewa kada ya dawo, an rage masu gadi. Babu takarda, babu ko sisi. Da ma ba su taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba. Baba ya ce a bari, arziki na Allah ne. Ni kuma abin ya tsaya min.

Amsa: Allah ya yi maka albarka da ka tsaya wa mahaifinka. Ka gaishe min da Baba. Nawa mahaifin ma gadi ya yi a Apapa, da kuɗin gadin aka biya min makaranta, don haka na san irin haƙurin mutanen nan, na kuma san yadda ake cin moriyar haƙurin.

Rashin takarda ba ya nufin babu aiki. Dokar Ƙwadago ta amince da yarjejeniyar baka, kuma sashe na 7 ya ɗora wa mai gidan aiki nauyin ba da takardar sharuɗɗa cikin wata uku da fara aiki. Laifin rashinta nasu ne. Sashe na 11 ya tsara notis gwargwadon daɗewa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata guda ga wanda ya kai biyar ko ya wuce. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya zama a rubuce. Baba yana da wata guda, ko albashin wata a madadinsa, kuma saƙon murya bai cika wannan sharaɗin ba. Tunda manaja da bakinsa ya ce rage ma'aikata aka yi, sashe na 20 ma ya shigo: a sanar da wakilan ma'aikata, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya tare da duba cancanta, a kuma yi iya ƙoƙari a tattauna kuɗin sallama. Ku bincika su wa aka bari a bakin ƙofar da kuma yaushe aka ɗauke su.

Wannan saƙon muryar kada ya ɓata. Ka tura shi wayarka, ka ajiye a wuri biyu, kada a sayar da wayar Baba ko a goge ta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe wa hujjar da ta fito daga waya da kwamfuta ƙofar kotu. Ka haɗa da bayanin asusun banki in ta nan ake biyansa, da katin aiki, da yunifom, da duk hoton da ya taɓa ɗauka a bakin get, da abokan aikin da za su iya shaida.

Na'urar yatsa ta fi ɓata min rai a cikin labarin nan. Sananne ne cewa zanen yatsan dattijo, da na duk wanda ya daɗe yana aikin ƙarfi, yana shafewa, na'ura ta kasa karantawa. Wanda ya taɓa layin rajistar katin ɗan ƙasa ko na zaɓe ya ga haka da idonsa. Manajan da ya ga mutum ya kwana a bakin aiki, ya kuma yanke masa kuɗi don na'ura ta ce bai zo ba, ya san abin da yake yi. Zanen yatsa yana cikin bayanan da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kariya ta musamman, kuma mutum yana da hakkin a gyara bayanin da aka rubuta ba daidai ba a kansa. Littafin miƙa aiki da masu gadi ke sa wa hannu zai ƙaryata na'urar. Ku lissafa duk abin da aka yanke ku sa cikin abin da kuke nema.

Kada in sa muku dogon buri. Babu dokar da ta wajabta wa kowane kamfani mai zaman kansa biyan garatuti, sai in yana cikin yarjejeniya ko al'adar wurin. Amma in kamfanin yana da ma'aikata 15 ko fiye, dokar fansho ta 2014 ta wajabta masa zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba 8. Ku tambaya ko an taɓa buɗe wa Baba asusun fansho. Kotun Ma'aikata kuma ta sha yanke cewa sallama ba tare da dalili mai ƙarfi ba rashin adalci ne, har ta ba da diyya. In ta hannun kamfanin tsaro aka kawo shi, a haɗa su biyun a wasiƙar. Ofishin Lauyan Jama'a na Legas, OPD, da ke Surulere yana tsaya wa marasa hali kyauta, can za ka fara. Masu gadin gidajen mutane su lura, nasu matsayin ya bambanta, domin Dokar Ƙwadago ta ware masu aikin gida daban, ko da yake albashin da suka yi wa aiki su ma bashi ne da kotu ke karɓo musu.

Ka lallaɓa Baba, kada ka yi masa gardama. Ka ce masa ba rigima za a yi ba, wasiƙa ce ta neman abin da ya riga ya yi wa gumi.

Tambaya: Barista, ina da sito na kayan masarufi a Alaba Rago da yara tara. Kaya suna ɓacewa. Na sa kyamara a shago, ina so in sa a ɗakin da suke kwana, in kuma riƙa karɓar wayoyinsu ina dubawa duk Juma'a. Ai ni nake ciyar da su. Doka ta yarda?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kyamara a shago da sito hakkinka ne, ka dai sanar da su, ka manna sanarwa a bango, kada kuma hoton ya fita zuwa wayoyin mutane. Ɗakin kwana da banɗaki kuwa a'a. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin mutum, da makwancinsa, da saƙonninsa, da maganarsa ta waya, kuma ciyarwa ba ta sauke wannan. Wayar yaro akwai maganarsa da mahaifiyarsa da wadda zai aura a ciki. In wayar shago ce da ka saya don ciniki, ka faɗa tun farko cewa ta aiki ce za ka riƙa dubawa, wannan daban.

Ɓarawo ɗaya ne ko biyu, sauran bakwai ko takwas amanarka suke riƙe, kuma ranar da ka fara binciken wayoyinsu ka rasa zuciyarsu gaba ɗaya. Ka sa littafin shiga da fitar kaya, mai karɓa ya sa hannu, a riƙa ƙirga a ƙarshen mako. Ka kuma rubuta wa kowane yaro takarda: nawa ne albashi, ko shekara nawa zai yi kafin ka sallame shi da jari, da nawa ne jarin. Mutanenmu suna ganin rubutu kamar rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi. Tunda yaran suna ɗaukar buhuna, ka yi rajista da hukumar NSITF, mai kula da asusun diyyar ma'aikata. Dokar diyya ta 2010 kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi take nema a wurinka, in buhu ya karya ƙugun yaro asusun ne zai ɗauki nauyi.

Tambaya: Barista, wani ɗan kwangila ya riƙe mana kuɗin wata uku a wurin gini a Lekki, mu goma sha biyu. Ina so in yi bidiyo in sa a TikTok da hotonsa da lambarsa in ce ɓarawo ne. Za a iya kama ni?

Amsa: Za a iya, ɗan'uwa, ko da a ƙarshe kotu ta sake ka. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 shi aka daɗe ana kama mutane da shi kan abin da suka rubuta. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya tauye 'yancin magana, a Fabrairun 2024 kuma aka yi masa gyara aka taƙaita shi, yanzu ya fi karkata ga saƙon batsa da ƙaryar da aka san ƙarya ce aka yaɗa don ta da hankalin jama'a ko jefa rai cikin haɗari. Duk da gyaran ana ci gaba da kai mutane ofishin 'yan sanda da sunansa, kuma mai kuɗi ya fi ka sanin hanyar can. Ban da wannan yana iya kai ka ƙarar ɓata suna. Gaskiya kariya ce a irin wannan ƙarar, amma kai za ka tabbatar da ita. "Ya riƙe mana kuɗin wata uku" magana ce da za ka iya tabbatarwa. "Ɓarawo ne" zargin laifi ne, sa lambarsa kuma gayyatar mutane ne su zage shi, abin da zai juya ya zama makami a hannunsa.

Ku goma sha biyu ne, ku yi amfani da yawanku. Ku rubuta sunan kowa da ranakun da ya yi da abin da yake bi, ku haɗa da saƙonnin da yake cewa "gobe" da hotunanku a wurin ginin. Ku kai wasiƙa ɗaya ga ɗan kwangilar, kwafi ga mai ginin, domin sau da yawa mai ginin ya biya bai san ba a ba ku ba, kuma yana iya riƙe ragowar kuɗin ɗan kwangilar. Ku ba shi mako biyu. In bai biya ba, ku ɗauki takardun ku tafi OPD tare, a shigar da ƙara ɗaya da sunayenku duka a Kotun Ma'aikata da ke Ikoyi.